Ido, Gilashi Da Lissafi: Tarihin Kyamara Da Matsayinta Wajen Ganin Jinjirin Wata



Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore mana ji da gani, ya sanya rana da wata su zama ma'aunin kwanakinmu da shekarunmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya taso a masarautar Gumel ya san yammacin 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramadan. Da rana ta faɗi, mutane kan tsaya a bakin masallaci ko su fita bayan gari su fuskanci yamma. Ƙasar tamu shimfiɗaɗɗiya ce, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari babu dutsen da zai tare wa mai duba gindin sama. In wani ya ce ya ga wata, sai a kai shi wurin mai unguwa, daga nan dagaci, sai hakimi, sai fadar sarki, ita kuma ta isar wa Sarkin Musulmi a Sakkwato, wanda shi ke da sanarwa.

A yau an sami baƙo a wannan tsari. Matashi zai ɗaga waya, wani ma ya maƙala mata ɗan gilashin jawo nesa irin wanda ake sayarwa a kasuwannin waya, ya ɗauki hoto, kafin a idar da sallar isha'i hoton ya zagaye WhatsApp da Facebook da rubutu a ƙarƙashinsa cewa wata ya tsaya. Tambayar ita ce, mene ne matsayin wannan hoto? Ganin ido ne, ko wani abu ne daban? Ba za a iya amsa wannan ba sai an san abin da kyamara ke yi da haske, shi kuwa wannan yana da tarihin da ya haura shekara dubu.

Ɗakin duhu na Ibnul Haisam

An haifi Alhasan Ibnul Haisam a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Tsakanin 1011 da 1021 ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani. Kafin zamaninsa manyan masanan Girka irin su Iƙlidis da Baɗlaimus sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido, kuma a miƙe yake tafiya. Bai tsaya a kan hujjar baki ba, sai ya gwada, abin da ya kira i'itibari. Ya jera fitilu a waje, ya bar 'yar kafa ɗaya a bangon ɗaki mai duhu, sai kowace fitila ta fitar da ɗigon haskenta a bangon da ke fuskantar kafar. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Ya kuma yi wata maƙala ta musamman a kan siffar da rana ke fitarwa ta irin wannan kafa a lokacin kusufi.

Adalci ne a faɗi cewa ba shi ya fara lura da abin ba, domin masanin Sin mai suna Mozi da mabiyansa sun ambace shi ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Haka nan maganar da ke yawo a intanet cewa kalmar kyamara daga Larabci ta fito ba ta inganta ba. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin ɗaki, kuma masanin Jamus Kepler ya yi amfani da sunan "ɗaki mai duhu" a wannan harshe a 1604. Falalar Ibnul Haisam ba ta buƙatar ƙari, domin shi ya bayyana dalilin abin da gwaji.

Amma abin da ya fi shafar zancenmu yana cikin kashi na biyu da na uku na littafinsa. A can ya nuna cewa abin da ido ke karɓa kai tsaye haske ne da launi kawai. Girman abu da nisansa da siffarsa, hankali ne ke yanke su ta hanyar ƙiyasi da abin da ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ma ankara. Saboda haka gani yana iya kuskure. Ya lissafa sharuɗɗa takwas da gani ke inganta da su: matsakaicin nisa, da daidaiton wuri, da isasshen haske, da girman abin, da kaurinsa, da garau ɗin iska, da isasshen lokaci, da lafiyar ido. Ɗan'uwa mai karatu, auna jinjirin daren farko da waɗannan. Siriri ne kamar zare, haskensa bai fi na sararin da ke kewaye da shi da yawa ba, yana can ƙasa inda ƙura ta fi yawa, kuma mintuna kaɗan yake yi ya faɗi. Kusan duk sharuɗɗan suna da rauni a lokaci guda.

Yadda gilashi ya shiga bakin kafa

Aibin ɗakin duhu shi ne, in kafar ƙarama ce hoton ya fito tsaf amma ba haske, in an faɗaɗa ta haske ya ƙaru amma hoton ya yi dishi-dishi. Maganin wannan shi ne gilashi mai tudu a tsakiya, wanda ke tara haske mai yawa ya mai da shi wuri ɗaya. Tun wajen 984 Ibn Sahl ya rubuta a Bagadaza yadda haske ke karkacewa in ya shiga gilashi. An fassara littafin Ibnul Haisam zuwa Latin wajen shekarar 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572. An fara yin tabarau a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, sannan a 1568 Daniele Barbaro, mutumin Venis, ya bayyana yadda ake sa gilashi a bakin kafar ɗakin duhu, a kuma rage faɗinsa da zobe don hoto ya ƙara fitowa. Wannan shi ne kakan duk abin da ake ɗaura wa kyamara a yau.

A 1608 Hans Lipperhey ya nemi rajistar madubin hangen nesa a Holan, a 1609 Galileo ya ƙera nasa ya dubi wata da shi ya ga duwatsu da ramuka. Sai ƙarni na 19 aka iya kama hoton ya zauna: Niépce a Faransa wajen 1826, Daguerre a 1839, a 1840 kuma John William Draper ya ɗauki hoton wata a Niyok.

A lura da abu guda a nan. Gilashi ba ya ƙara komai daga kansa, tarawa kawai yake yi. Ɗan bakin ƙwayar ido, ko a cikin duhu, faɗinsa ba ya wuce wajen milimita 7. Madubin hangen nesa na hannu mai bakin milimita 50 yana tara haske kusan ninki 50 na wannan. Amma hasken da ya shiga idon mai dubawa shi ne dai wanda ya taso daga watan a wannan lokaci.

Madubin da ya shata iyakar Maigatari

Irin wannan madubi ya taka rawa a tarihin ƙasarmu tun kafin a yi tunanin duba wata da shi. Gumel ta daɗe tana hulɗa da Barno da Damagaram, har Turawan Ingila suka shigo a 1903. Bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906, sai aka tura tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, suka bi ƙasa daga kogin Kwara har tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908, suka kafa alamomin iyaka 148. A wancan zamani babu tauraron ɗan Adam, hanyar sanin ainihin matsayin wuri a bayan ƙasa ita ce a auna taurari da madubi da agogo. Da irin wannan awo aka tabbatar da layin da ya ratsa ta arewacin Maigatari, ya bar Dungas da Magarya a hannun Faransa.

Layin ya raba hukuma, bai raba sama ba. Mutanen Maigatari da maƙwabtansu na jihar Damagaram suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, rana tana faɗi musu kusan a minti ɗaya, amma ɗaya yana jiran sanarwa daga Sakkwato, ɗayan daga Yamai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga faranti zuwa lissafi

Sauyin da ya fi kowanne girma ya faro a 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani ɗan farantin lantarki mai jin haske a Amurka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Farantin ya ƙunshi ƙananan gurabe a jere, kowane gurbi yana auna hasken da ya faɗo masa ya mai da shi lamba. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar farko mai wannan tsari, ɗigonta dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Tun daga nan hoto ya zama jerin lambobi, lamba kuwa ana iya tara ta, a debe, a raba.

Farantin ba ya bambance launi. Don haka a 1976 Bryce Bayer, shi ma na Kodak, ya sami rajistar wata shimfiɗa ta ƙananan matatan haske da ake ɗorawa a kansa: rabin guraben kore kaɗai suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Kowane ɗigo launi ɗaya ya auna, sauran biyun kwamfutar cikin kyamara ce ke kintato su daga maƙwabtansa. Ma'ana kashi biyu cikin uku na bayanin launi a hoton da ke wayarka ƙiyasi ne. Abin da Ibnul Haisam ya ce hankali na yi wa ido, shi injiniyoyi suka koya wa na'ura.

Daga nan masana suka fara ƙera abubuwan ɗaurawa waɗanda hotonsu ba ya da ma'ana sai an yi masa lissafi. Tun 1908 Gabriel Lippmann na Faransa ya kawo shawarar jera ƙananan gilasai masu yawa a gaban faranti. A 2005 Ren Ng ya gwada haka a jami'ar Stanford, ya sami kyamarar da ke adana har da alƙiblar da kowane haske ya fito, ta yadda bayan an ɗauki hoto ana iya zaɓar abin da zai fito tsaf, na kusa ko na nesa. Kamfaninsa Lytro ya fitar da ita kasuwa a 2012, ya rufe a 2018. A 2007 Anat Levin da abokan aikinta sun sa wani marfi mai huje-huje na musamman a cikin gilashin kyamara, don kwamfuta ta gane nisan abubuwa daga yanayin dishi-dishinsu. Wannan fanni shi ake nufi da ɗaukar hoto da lissafi: gilashi ya shirya haske, manhaja ta warware shi.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce tara hotuna. Kowane hoto yana zuwa da ɗige-ɗigen banza da ke sauya wuri daga hoto zuwa hoto, abin da ake nema kuwa yana nan a wurinsa. In aka haɗa hotuna 100 aka fitar da matsakaicinsu, ɗige-ɗigen kan ragu ninki 10. Da wannan dabara kamfanin Google ya fitar da tsarin hoton dare a wayoyinsa a 2018. In ka danna sau ɗaya, wayar hotuna da yawa ta ɗauka.

Hoton watan da ido bai taɓa gani ba

Wata yana zagayowa tsakaninmu da rana duk bayan kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Lokacin da ya daidaita da rana shi masana falaki ke kira iƙtirani, wasu su ce haihuwar wata. Daga nan yake fara nisantar rana, gefensa mai haske ya fara bayyana. Masanan Musulmi irin su Alkhawarizmi da Albattani sun yi ƙa'idoji na sanin daren da ganinsa zai yiwu. A 1932 André Danjon na Faransa ya nuna cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba ya ganin jinjiri. Taron Istanbul na 1978 ya ɗauki tazarar digiri 8 da tsayin digiri 5 a kan gindin sama a matsayin mafi ƙarancin abin da gani ke yiwuwa da shi. Ƙaramin watan da aka tabbatar an gani da ido tsirara yana da awa 15 da minti 32 bayan iƙtirani, Stephen O'Meara ya gan shi a 1990. Da madubi kuwa, Muhsin Mirsa'id ya ga mai awa 11 da minti 40 a Iran a 2002.

Sai ga ranar Litinin 8 ga Yuli 2013. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjirin wata da safe, rana tana sama, a daidai lokacin iƙtirani, tazararsa da rana digiri 4.4 kawai. Hakan ya yiwu ne saboda hanyar wata ta karkace da wajen digiri 5, yawanci ta sama ko ta ƙasan rana yake wucewa, sai wani siririn gefe ya kasance da haske ko a lokacin. Legault ya kafa allo mai huda a gaban madubinsa don tare hasken rana, ya ɗaura matacin da ke barin hasken da ke bayan ja a jerin launukan bakan gizo, wanda idon mutum ba ya gani, ya ɗauki hotuna masu yawa, ya tara su, ya cire hasken sararin sama wanda ya ninka na jinjirin sau ɗaruruwa.

Hoton gaskiya ne, babu abin da aka zana. Amma da mutum zai sa idonsa a wannan madubi, babu abin da zai gani. Kuma wata yana da hoto tun safiyar Litinin, amma sai Laraba 10 ga Yuli aka tashi da azumin 1434 a Saudiyya. Wannan ya nuna cewa samuwar wata daban, ganinsa daban. Wata bai taɓa barin sama ba, kuma da kayan aiki ana iya kama shi kusan kowace rana. Da za a ce duk hoto gani ne, da ma'anar jiran jinjiri ta tafi.

Wayar da ke aljihunka

To ina matsayin wayar hannu? Faɗin wata a sama rabin digiri ne. A babbar kyamarar waya mai ɗigo 4000 a faɗi, duka watan bai wuce ɗigo 30 ba, kaurin jinjirin daren farko kuwa bai kai ɗigo ɗaya ba. Ɗan gilashin da ake maƙalawa yana ƙara girma, amma mai araha yakan kawo dishi-dishi da launukan bogi a gefe. Haske mai ƙarfi, kamar fitilar mota ko ta titi, kan yi tsalle tsakanin gilasan kyamara ya fitar da wata 'yar baka a wani gefen hoto. Hayaƙin jirgin sama da hasken almuru ya haska, ko siririn girgije, su ma kan yi kama da jinjiri. Ga kuma Zara, wadda Bahaushe ke kira matar wata, in ta yi dishi-dishi a hoto takan rikita mai kallo.

Akwai mataki na gaba. A watan Maris 2023 wani ya yi gwaji: ya ɗauko hoton wata ya rage shi, ya dusashe shi har ramukansa suka ɓace, ya sa shi a fuskar kwamfuta a ɗaki mai duhu, ya ɗauke shi da wayar Samsung. Hoton da ya fito yana da ramukan da babu su a abin da aka ɗauka. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar tana amfani da ƙirƙirarriyar basira wadda ta koyi siffar wata, in ta gane shi sai ta inganta hoton, kuma mai waya yana iya kashe wannan tsari. Wannan gwaji a kan babban wata aka yi shi, bai nuna cewa waya na ƙirƙiro jinjiri ba. Amma ya nuna cewa na'ura ta fara saka abin da ta sani a gurbin abin da ta gani.

Ke nan matakai huɗu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai ganin ido tsirara. Akwai ganin ido ta cikin gilashi. Akwai hoton da lissafi ya tace daga haske na gaskiya. Akwai kuma hoton da manhaja ta ƙara masa abin da haske bai kawo ba. Bayan waɗannan sai tsohon hoto na wata shekara ko na wata ƙasa da ake sake yaɗawa, wannan kam ba ya buƙatar ilimin falaki, tsoron Allah yake buƙata.

Litinin 8 ga Afrilu 2024

Wannan rana ita ce 29 ga Ramadan 1445 a Najeriya da Nijar. A Gumel rana ta faɗi wajen ƙarfe 6:35 na yamma. Iƙtirani bai auku ba sai ƙarfe 7:21 agogon Najeriya, kuma wannan karon ba lissafi kaɗai ya shaida ba. A daidai wannan lokaci miliyoyin mutane a Meziko da Amurka da Kanada suna kallon cikakken kusufin rana, watau wata ya tsaya daidai a gaban rana ya rufe ta. A sararinmu kuwa wata ya riga rana faɗuwa. Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cewa ba a ga wata ba, aka cika azumi 30, aka yi salla ranar Laraba 10 ga Afrilu. A Nijar da Mali an yi salla ranar Talata 9 ga wata, har wasu a wannan ɓangare na iyaka suka bi su.

Hujjar masu bin maƙwabta ita ce kusanci: yaya za a karɓi labarin garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita a ƙi na wanda ake zuwa a babur? Maganar tana da ƙarfi, domin sama ɗaya ce. Amma wannan dalilin ne kuma ke cewa in wata ya faɗi kafin rana a Maigatari, to haka ya faɗi a Dungas. Ba a nan ake tuhumar kowa da ƙarya ba, mutumin kirki yana iya rantsuwa a kan abin da ya ɗauka ya gani, kuma Ibnul Haisam ya bayyana mana yadda haka ke faruwa. Abin lura shi ne, da za a nuna wa mutum hoton jinjiri a ce a yammacin wannan Litinin aka ɗauke shi a yankinmu, to hoton ne ke buƙatar bincike.

Abin da malamai suka tafi a kai

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya rataya azumi da shan ruwa a kan ganin wata, in an sami abin da ya rufe shi a cika kwana talatin. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da shaidar adilai biyu ko jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba, kuma ba a dogara da maganar mai lissafin taurari. Amma a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil an zo da cewa in adilai biyu suka yi shaida, aka ƙirga kwana talatin, sama tana garau ba a ga wata ba, to an gane shaidarsu ba ta inganta ba. Ashe fiƙihu da kansa yana auna maganar mai shaida da abin da sama ta nuna.

Taƙiyyuddin Assubki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya tafi a kan cewa in lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, sai a mayar da shaidar, domin shaida zato take bayarwa, zato kuwa ba ya ture yaƙini. Malamai da yawa sun saɓa masa. A 1939 Ahmad Shakir na Misra ya wuce nan, ya ga halaccin dogaro da lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa gani ne abin dogaro, ana kuma neman taimako da lissafin falaki da wuraren duba taurari. Duba ta cikin madubi, malamai da yawa na wannan zamani sun karɓe shi a matsayin gani, kamar yadda ba a ƙin shaidar mai tabarau. Hoton da lissafi ya fito da shi daga abin da ido ba zai iya gani ba, shi ne wurin saɓani, kuma hukuncinsa na majalisun malamai ne da shugaban da aka ɗora wa sanarwa.

Nasiha ga matasa

Amfanin waɗannan na'urori shi ne su taimaki mai shaida su kuma auna shi. Ramadan yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, kuma yanzu ya doshi hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ke rufe mana gindin sama. Duban wata zai ƙara wuya, buƙatar masu dubawa da ilimi za ta ƙaru.

Wanda ke son shiga wannan aiki ya san lokacin iƙtirani da na faɗuwar rana da wata a garinsa kafin ya fita. Ya saba da duba jinjiri kowane wata, ba na Ramadan da Shawwal kaɗai ba. Kada ya kuskura ya ɗaga madubi wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallon rana ta cikin gilashi yana ƙona ido nan take. In ya ga wata, ya kiyaye lokacin, da tsayinsa, da ɓangaren da yake daga inda rana ta faɗi, da inda ƙahonninsa suka fuskanta, domin tudun jinjiri kullum rana yake kallo. In zai ɗauki hoto, ya kashe tsarin gyaran hoto na wayar, ya haɗa da bishiya ko gini don a gane wurin, ya ajiye hoton na asali, saboda WhatsApp yana matse hoto ya goge bayanin lokacin da aka ɗauke shi. Sannan ya kai shaidarsa wurin dagaci ko hakimi kafin ya kai ta intanet.

Wanda kuma aka turo wa hoto, ya tuna umarnin da ke cikin Suratul Hujurat na tantance labari kafin aiki da shi. Ya tambaya: wa ya ɗauka, a ina, ƙarfe nawa, da wace na'ura, kuma shi mai ɗaukar ya gani da idonsa? Danna "tura" ba ya ɗaukar daƙiƙa guda, amma yana iya sa wani ya sha ruwa a ranar azumi, ko ya raba sallar gida ɗaya kashi biyu.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya haɗa kan Musulmi a kan abin da yake daidai. Allah shi ne mafi sani.